Hayar Shekara Biyu: Daga Benen Akra zuwa Chereponi

Kafin in bar Kano, abin da na sani game da ƙasar Gana bai wuce goro da atamfa da ƙwallon ƙafa ba, kai ma da ka raka ni tasha ba ka fi ni ba. Ba wanda ya gaya mini cewa tun daga bakin teku har can arewa kan iyakar Togo, hirar da za ta fi cika mini kunne ta hayar ɗaki ce. Hanyar kuwa ka sha jin labarinta wurin direbobi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, sai Aflao, kowace iyaka da nata layi da nata masu hatimi. Muka shiga Akra da daddare, ƙafa a kumbure, wuya a sage.

Mai masaukina ɗan zangon Yendi ne, kakansa Bakatsine, aikin gwamnati ya kawo shi babban birni. Yana zaune a Adenta, gefen Akra ta hanyar Aburi, cikin jerin benayen da hukumar fanshon ƙasar, SSNIT, ta gina. An sayar da da yawa daga cikinsu, waɗanda suka saya kuma suka zuba 'yan haya. Shi yana hawa na uku, ɗaki biyu da falo, matakala ce hawa, matakala ce sauka. Abin da na fara cin karo da shi a bakin ƙofarsa jarkoki ne rawaya, irin na man girki, an jera su har rabin bango. Ya ce jarkar Kufuor ake ce musu, don a zamanin Shugaba John Kufuor, tsakanin 2001 da 2009, ƙarancin ruwa ya sa kowane gida ya tara su. Yanzu ruwan ya yi sauƙi, amma ba mai yarda ya rabu da jarkarsa, domin ranar da famfo ya yi sanyi, na ƙasa su tara, na sama su sauko.

Zaman bene yana da dokokin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ba a daka a sama, kada rufin na ƙasa ya zubo masa. Mutanen nan kuwa ba abincin da ya kai musu fufu, wato sakwarar rogo da ayaba, saboda haka ran Lahadi sai ka ga matan bene sun sauko fili da turmi da taɓarya. Ragon layya ma a ƙasa ake ɗaure shi, a ƙasa ake yankawa, 'ya'yan maƙwabta Kirista sun kewaye suna kallo, an jima a aika wa iyayensu da nasu kason. Zaure babu shi. Baƙo namiji, ko wane ne, falo za a shigar da shi, uwargida ta ratsa ta gabansa ta nufi kicin. Kwanakin farko na rasa inda zan ajiye idona, ita kuwa ko a jikinta. Maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tamu, mai masaukina bai san ko ɗan wane gari ba ne. Abin da ke haɗa su taron kuɗin shara da na kwashe masai.

Wata rana bayan isha na tambaye shi nawa yake biya a wata. Ya yi dariya ya ce, "Malam, a nan ba a farawa da nawa ne, ana farawa da shekara nawa." Ashe a Gana mai gida adibas ɗin shekara biyu yake nema kafin ya miƙa makulli, wani ma uku. Mu a Kano kuɗin shekara guda muke kuka da shi. Legas ma dokarta ta 2011 ta hana a karɓi fiye da na shekara guda hannun sabon ɗan haya. Gana tana da wadda ta fi wannan tsauri a takarda, domin dokar hayarta, wadda asalinta na 1963 ne, ta haramta karɓar fiye da na wata shida, akwai kuma ofishin gwamnati mai sasanta masu gida da 'yan haya. To je ka karanta wa mai gida doka. Zai saurare ka da ladabin nan na mutanen Gana, har ya yi maka godiya, sannan ya ba wanda ke bayanka makullin.

Yi lissafin da kanka. A ce ɗaki sidi 500 ne a wata. Sau 24, sidi 12,000 ke nan a dunƙule, ka ɗora kashi goma na dillali, ban da kuɗin kai ka ganin ɗaki da yake karɓa tun ba ka san ko ɗakin na da rufi ba. Lissafin ma sai da aka yi mini tafinta, domin ko da yake tun 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin ƙasar, dattawan masu gida har yau da tsohon ƙirge suke magana. In ka ji an ce miliyan biyar, kada gabanka ya faɗi, sidi 500 ɗin ake nufi.

Zalunci akwai shi a cikin wannan al'ada, amma ba shi kaɗai ba ne. Gwamnatin ƙasar da bakinta ta ce ana da giɓin gidaje miliyan 1.8. Bashin banki na gina gida kuwa, kuɗin ruwansa ya fi ƙarfin ɗan albashi balle ɗan tireda. Sai mai gida ya karɓi adibas ɗin ɗaki biyu ya ɗora na uku da shi, ya karɓi na ukun ya haƙa tushen na huɗu. Ɗan haya shi ne bankinsa, bankin da ba ya karɓar ruwa, alhali shi ɗan hayan ya ciwo kuɗin ne daga banki na gaske mai ruwa, ko ya jira kwasar adashi, wanda suke kira susu. Sau ɗaya abin ya juya. A 2022 darajar sidi ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, waɗanda suka riga suka biya shekara biyu suka kwana suna murmushi. Mai masaukina ya ce daga nan wasu masu gida suka fara cewa shekara guda ta ishe su, don su samu damar yin ƙari da wuri. Abin da doka ta kasa cikin shekaru, tsadar siminti ta fara yi cikin watanni.

Galibin Hausawan Akra ba a bene suke ba. Suna Nima da Mamobi da Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na ashirin. Gidan haya a can ɗakuna ne zagaye da tsakar gida guda, kowane ɗaki iyali, murhu a bakin kowace ƙofa, gidaje da yawa kuma ba masai, sai na kuɗi a bakin titi. Mitar wuta ɗaya ce ta kowa, ana raba kuɗin ta hanyar ƙirga kaya: ƙwan lantarki maki kaza, fanka kaza, firji kaza, dutsen guga kaza. Rabin faɗan gidan daga nan yake tashi, wance ta ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado, wane yana kwana da talabijin a kunne. Shara da wankin makewayi bi da bi ne tsakanin mata, gwauro kuma ya biya a yi masa. Duk da haka ba a kwana da yunwa a irin gidan, in an yi haihuwa ko rasuwa tsakar gidan ba ta ɗaukar jama'a. Ni dai Nima ta fi kwanta mini a rai fiye da Adenta, sai dai ba ni ne ke bin layin masai da asuba ba.

Daga Nima ɗan taki kaɗan ne ka faɗa unguwannin kusa da filin jirgin sama, inda dogayen benaye masu gilashi suke, ana faɗin hayarsu da dalar Amurka ko da yake babban bankin ƙasar ya hana sa farashi da kuɗin waje. Can gabas da birni kuma, a Saglemi, akwai gidaje 1,506 da aka gina da bashin dala miliyan 200, suka shekara da shekaru ba kowa ciki sai ciyawa. Wani dillali da ya ji harshena ya ba ni shawara kyauta: in ina neman ɗaki, in bar ɗan gari ya yi ciniki, domin akwai masu gidan da ke ƙara kuɗi da sun ji ɗan Nijeriya, akwai waɗanda ba sa bayarwa sam. Na haɗiye, ban ce komai ba. Mu ma mun kore su a 1983, su ma sun kore mu a 1969.

Da mai masaukina ya samu hutu, muka ɗauki hanyar arewa, shi zai duba gininsa a Yendi ya kuma ga ƙanensa da ke koyarwa a Chereponi. Saboda ni ya zaɓi tsohuwar hanyar fatake. Muka kwana Aboabo a Kumasi, inda na ga gidajen haya masu hawa biyu da uku da aka gina da kuɗin koko, tsakar gida ɗaya a ƙasa, shanya a kowace baranda. Daga nan Ejura, Atebubu, sai Yeji a bakin tafkin Volta, ruwan da ya taru bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965. Jirgin fito ba ya tashi sai ya ga dama. Muka zauna gindin wata motar doya muna cin soyayyen kifi har aka kira, muka haye zuwa Makango, muka isa Salaga rana ta yi sanyi.

Garin bai kai sunansa girma ba. Ƙaramin gari ne mai ƙura, da rijiyoyi birjik a bayansa, da filin da aka nuna mana aka ce nan kasuwar bayi take. Nan ce Gwanjar da kakanninmu ke ambata, inda ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, madugu a gaba, jakuna ɗauke da baƙin rini da kanwa da kayan fata, su koma da goron dazukan Asante. Ba abin ɓoyewa ba ne, har da mutane a cikin hajar da aka yi ciniki a nan. Abin da ya tsayar da ni shi ne tambayar inda duk waɗannan fatake suke kwana, ga su baƙi, ga dukiya a hannu. Kowane falke yana da mai gidansa. Shi zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi cinikin bashi, ya shiga tsakaninsa da sarakunan gari in rigima ta taso. Galibi ba a maganar kuɗin ɗaki, ladan mai gida la'ada ce daga cinikin da aka ƙulla a zaurensa.

Wannan duniyar ta fara rushewa a 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, Asante kuma suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni. Yaƙin basasar 'ya'yan sarautar Kpembe, masu mulkin Salaga, na 1892 ya ƙarasa ta. Jama'a suka watse zuwa Yeji da Kintampo da Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rubuta labarin yaƙin a waƙe, ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934. Zangunan kudu da yawa da mutanen Salaga suka cika. Ba na cewa masu gidan da waliyyai ne. Wanda ya zo da kaya suke saukewa, wanda ya zo hannu rabbana sai masallaci. Amma wancan mai gidan ba ya cin riba sai baƙonsa ya ci, na yanzu kuwa ya gama karɓar nasa kafin ka shimfiɗa tabarma. Ragowar tsarin na nan a kasuwannin shanu, inda baƙon ɗan tugu har yau yake sauka wurin mai gidansa.

Daga Salaga muka bi ta Bimbilla, jar ƙasa da hazon hunturu suka mai da mu kala ɗaya da motar. Yendi ita ce fadar Dagwamba, mazaunin Ya-Na. An kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a 2002 cikin rikicin gidajen sarauta biyu, Abudu da Andani, ba a naɗa wani ba sai a Janairun 2019 da aka ɗora Ya-Na Abukari na biyu. An kai ni na ga kabarin Babatu, jarumin Zabarmawan nan da ya addabi ƙasar Gurunsi da hare-haren kama bayi. A nan mai neman ɗaki rijiya yake fara tambaya kafin kuɗi, saboda kogin Daka da garin ke sha yana ƙafewa da rani.

Sai ga mu a filin mai masaukina: ɗakuna biyar na bulo sun kai linta, ba rufi, ciyawa ta fito a falo. Duk shekara yana aiko da abin da ya rage bayan ya tara adibas ɗin Adenta. Ya zagaya da ni yana nuna inda zai sa ƙofa, ya ce da ya rufe biyu zai ba ma'aikatan asibiti haya, ya karɓi shekara biyu ya rufe sauran. Na dube shi na ce, "Haba Alhaji, har da kai?" Ya ce, "To Malam, da me zan sayi kwano?" Ban samu amsa ba, har yau ban samu ba.

Hanyar Chereponi ta yi arewa maso gabas, gonakin waken suya da doya da dawa hagu da dama, an gama girbi an cinna wa daji wuta. Garin hedikwatar gunduma ne tun 2008, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 2018 ya koma sabuwar jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Nalerigu. Mutanensa Anufo ne, waɗanda aka fi sani da Cakosi, sai Konkomba da Bimoba, da 'yan kasuwa Hausawa da Mosawa, da Fulani a gefen gari. Anufo sun ba ni mamaki. Harshensu ɗan'uwan na Asante ne, a tsakiyar mutanen da ba su haɗa komai da shi ba, domin kakanninsu mayaƙan haya ne da suka taso daga ƙasar da yau take cikin Kwaddibuwa a ƙarni na goma sha takwas, suka kafa Sansanin Mango, wanda yanzu ke tsallaken iyaka cikin Togo. Duk wannan yanki Jamus ta mulka har yaƙin duniya na farko, sai ƙuri'ar 1956 ta haɗe shi da Gana. Tuwon acca aka fara ba mu, kai ka ce a Jos nake.

Benayen da na gani a Chereponi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, 'yan hayarta kuma sanannu ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, da masu bautar ƙasa. Ƙanen mai masaukina ya zo garin da takardar aiki da jaka ɗaya, aka yi watanni albashi bai fara fita ba. Wani dattijo Ba'anufe ya nuna masa ɗaki ba ƙofa ba yaɓe, ya ce ya gyara ya shiga, abin da ya kashe a riƙa cirewa daga kuɗin haya. Ya yi filasta, ya sa ƙofa, ya ja waya daga mitar gidan. Da muka je gaisuwa ya durƙusa ya ce, "Baba, ga yayana da baƙonsa daga Kano." Dattijon ya sa aka kamo zabo. Duk kaka yana aika wa malamin da doya, malamin kuma yana duba wa jikokinsa karatu da dare. Rasit babu, yarjejeniya a rubuce babu. Ka lura dai, ko a nan ɗan hayan ne ya ƙarasa ginin, bambancin kawai an yi abin da mutunci.

Ba haka sabbin gidajen bakin titi suke ba, masu ɗaki da makewayinsa a ciki. 'Yan garin da ke Kumasi da Akra ne ke gina su, sun kuma taho da al'adar can: shekara guda ko biyu, a dunƙule. Kuɗin da ke yin ginin ma daga zaman haya ya fito. 'Yan matan arewacin Gana da ke tafiya dako kudu, waɗanda ake kira kayaye, da yawa a rumfunan katako na Old Fadama suke kwana a Akra, cunkus a ɗaki guda, kowace tana biyan kuɗin kwananta, don ta tara abin da za ta kawo gida. A Janairun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin biya wa ma'aikaci adibas ya riƙa mayarwa wata-wata, aka fara da jihohi shida, ta su Chereponi ba ta ciki. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne gwamnati ta ba da rancen biyan abin da dokarta ta hana a karɓa.

Akwai kuma hatsarin da ɗan Akra bai sani ba. A farkon 2019 faɗan fili ya ɓarke tsakanin Anufo da Konkomba, aka ƙona ƙauyuka, aka sa dokar hana fita, makarantu suka rufe, ma'aikata baƙi suka tsere. Malamin ya ce abokan aikinsa da suka nemi canjin wuri bayan nan, ba wanda ya ga ragowar adibas ɗinsa, kuɗi sun riga sun zama bulo. Yanzu gari lafiya lau, ana cin kasuwa tare.

Mun so mu zarce Bawku ta Nakpanduri da Garu, dangi suka ce a bari. Sai Bawkun ta same mu a teburin mai shayi, wurin wani ɗan kasuwar albasa mai Hausa garau. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya girmi yawancin masu yin sa, ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka yi ta sabunta dokar hana fita, har hawan babur aka hana maza. Ya ce a can mai neman ɗaki ba kuɗi yake fara tambaya ba, ba ruwa ba, sai ɓangaren wa unguwar take, kuma ta wace hanya zai bi zuwa wurin aiki. Shi yana da gida mai ɗakuna a Bawku, 'yan hayarsa sun watse, ya kwashe iyali ya koma Tamale, inda ya biya wani shekara biyu cif. Ya faɗa yana kurɓar shayi, ba ko ɗaga murya.

Ka ce mini ɗan yayarka na son zuwa Kumasi koyon kasuwanci. Ka gaya wa mahaifinsa ya fara nema masa dattijon da zai riƙe shi a zango kafin a yi maganar ɗaki. In kuwa ɗakin ya zama dole, a ƙirga wata 24 da kason dillali tun daga gida, a karɓi rasit da sa hannun shaidu, a kuma tambaya mutum nawa ne a kan mitar.